Auren Sarki Akbar da 'yar sarkin Amber: wa ya fi alhakin rushewar yarda a gidan?

Maman_Hanifa_Wunti:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka bi shirin nan na Indiya mai dogon zango ne, wato Jodha Akbar, wanda ya ɗauko labarin auren Sarki Jalaluddin Akbar da 'yar sarkin Amber. Mun kai wurin da aka kai wa sarki labarin cewa amaryarsa tana ganawa da wani namiji a ɓoye, shi kuma ya yanke mata hukunci a zuciyarsa tun kafin ya ji ta bakinta, daga baya ta bayyana cewa mutumin ɗan'uwanta ne. A gidanmu an rabu biyu a kan wannan. Surukata ta ce laifin duka na Maham Anga ne, tsohuwar da ta yi rainon sarki, domin ita ce take hura wutar. Ƙanwar maigidana ta ce na uwargida Rukayya ne, domin kishi ya rufe mata ido. Ni kuwa raina ya fi ɓaci da sarkin kansa, saboda mutumin da yake zama a fada ya nemi shaida kafin ya yanke wa talaka hukunci, shi ne ya kasa yi wa matarsa irin wannan adalcin. A cikin su ukun nan, wa kuke ganin ya fi alhaki?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Mai kawo gulma ba ya da iko sai an buɗe masa kunne, kuma Allah Ya umurce mu a cikin Suratul Hujurat da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, a cikin surar kuma Ya gargaɗe mu a kan yawan zato. Da sarki ya kira matarsa cikin sirri ya tambaye ta, da maganar ta ƙare a daren nan. Namijin da yake da mata fiye da ɗaya, shi ne alƙalin gidansa ko ya so ko ya ƙi, kuma ba a yi wa alƙali uzuri da cewa an ruɗe shi.

Baban_Yara_Azare:
Ina ganin kun yi wa sarkin nan tsanani, Ummu Sadiq. Ya kamata a dubi irin gidan da ya taso a cikinsa. An haife shi a 1542 a lokacin da mahaifinsa Humayun yake gudun hijira bayan ya rasa mulki, kuma yana jariri iyayensa suka bar shi suka tsere zuwa Farisa, ya zauna a hannun baffansa Askari a Kandahar. Wani baffan nasa, Kamran, wanda ya daɗe yana yaƙar Humayun a kan Kabul, an ruwaito cewa ya sa an ajiye yaron a kan ganuwar birnin a lokacin da dakarun mahaifinsa suke harbo igwa. Yaron da ya ga haka daga 'yan'uwan ubansa, ya hau gadon mulki a 1556 yana da shekara 13, ina zai koyi saurin yarda da mutum? Ƙari a kan haka, auren nan ba na soyayya ba ne tun farko, sulhu ne tsakanin masarautu biyu. Amaryar ta fito daga gidan da bai gama sanin cikinsu ba, addininsu daban, harshensu daban. Ban ce ya yi daidai ba, amma zargin nasa yana da tushe a rayuwarsa.

Yar_Katagum:
Ni abin da ya dame ni shi ne yadda kowa yake saurin ɗora wa Rukayya laifi. Wannan mata 'yar baffansa ce, tare suka taso, ita ce ta san shi tun ba shi da komai, sai rana ɗaya aka kawo wata aka ce za a raba mata shi da ita, kuma ita ba ta da ɗan da za ta dogara da shi a gidan da haihuwar magaji ita ce darajar mace. Duk matar da aka yi wa kishiya ta san wannan fargabar, ko da ba gidan sarauta ba ne. Masu shirin sun ɗauki fargaba sun mayar da ita mugunta domin kallo ya yi armashi, mu kuma mata muka karɓa muna zaginta.

Malam_Sabo_Jahun:
Da izinin manya, ina so in raba abin da shirin ya nuna da abin da marubutan zamanin suka bari, domin a kan Maham Anga bambancin yana da girma ƙwarai.

An ɗaura auren nan a farkon 1562 a garin Sambhar, lokacin da Akbar yake kan hanyarsa ta dawowa daga ziyarar kabarin Mu'inuddin Chishti a Ajmer. Mahaifin amaryar, Raja Bharmal, yana cikin matsi daga wani gwamnan Akbar mai suna Sharifuddin, wanda ya riƙe wasu 'ya'yan gidansa a matsayin jingina, don haka ya nemi kariyar sarki kai tsaye. To, a watan Mayu na wannan shekarar ce ɗan Maham Anga, Adham Khan, ya shiga fadar Agra da mutanensa ya kashe babban waziri Ataga Khan yana zaune yana aikin hukuma. Akbar ya fito daga cikin gida, ya buge shi da hannunsa, ya sa aka wurgo shi daga saman bene, da aka ga bai mutu ba aka sake hawa da shi aka wurgo shi. Sarki da kansa ya je ya sanar da Maham Anga, wadda take kwance ba lafiya, kuma kimanin kwana 40 bayan haka ita ma ta rasu. Kabarin da Akbar ya gina musu yana nan har yanzu a Mehrauli cikin Delhi.

Ku lissafa da kanku. Tsohuwar nan ba ta yi ko rabin shekara a raye bayan zuwan amaryar ba, amma shirin, wanda tashar Zee TV ta nuna daga 2013 zuwa 2015 a kashi sama da 500, ya ja makircinta a kan amarya na tsawon lokaci mai yawa. Gasar da Maham Anga ta yi da gaske ba da amarya ta yi ta ba. Da farko ta yi ta ne da Bairam Khan, wanda ya riƙe mulki a madadin yaron har aka sauke shi a 1560, sannan da gidan Ataga Khan, wanda matarsa Jiji Anga ita ma ta shayar da Akbar. Wato gidaje biyu na masu raino ne suke takara a kan wa zai riƙe kunnen sarki, kuma abin da ake nema shi ne waziranci da gwamnoni da ganima.

Maman_Hanifa_Wunti:
Malam, Allah Ya ƙara ilimi. To ke nan a tarihi Maham Anga ba ta da irin muguntar da aka nuna?

Malam_Sabo_Jahun:
Ban wanke ta ba, Hajiya. A 1561 an tura Adham Khan ya ci ƙasar Malwa, ya kori sarkinta Baz Bahadur, sannan ya riƙe mafi yawan ganimar da matan fadar wa kansa, har sai da Akbar ya yi masa dirar ba-zata. Abul Fazl, marubucin fadar, ya ambata cewa Adham ya ɓoye biyu daga cikin matan, kuma da aka gano su, mahaifiyarsa ta sa aka kashe su domin kada su yi magana a gaban sarki, shi kuma sarki ya kau da kai. A ganina nan ne ainihin matsalar yarda take a gidan Akbar a waɗannan shekaru. Ya ga alama ƙarara amma nauyin raino ya hana shi hukunci, sai da aka kashe masa waziri a cikin fadarsa. Shirin ya nuna mana sarkin da ya yi saurin zargin baƙuwa, tarihi kuwa ya nuna mana sarkin da ya yi jinkirin zargin na gida.

Hajiya_Fadaman_Mada:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma zan faɗi abin da na gani da idona, domin a gidan sarautar gargajiya na taso, mahaifinmu dagaci ne mai mata huɗu. Iyayenmu mata suna da kishinsu, ba zan ɓoye ba, amma kishin nasu yana da iyaka da kowa ya sani. Wadda take da girki ita ce da turaka, ita ce take riƙe makullin rumbu a ranar, kuma idan ɗaya ta haihu sauran ne suke dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. Wadda ta kusa tarwatsa gidan ba ta cikin su huɗun. Wata tsohuwa ce da ta goyi mahaifinmu yana ƙarami, ita ce take kai masa abinci zaure, ita kaɗai ce take shiga wurinsa ba tare da sallama ta biyu ba. Za ta ajiye akushi, ta buɗe faifan, ta tsuguna tana gyara tabarma, sai ta ce cikin sanyin murya wai ta ga ƙanin wance ya fita da ƙullin hatsi a ƙarƙashin riga. Ba ta ƙara komai a kai, sai ta tashi ta tafi. Da daddare sai mu ji an kira uwar ɗakin nan turaka, ta fito tana share ido da gefen mayafi.

An yi shekaru a haka kafin matan su zauna su huɗu su gane cewa bakin da yake kai ƙarar kowace ɗaya daga cikinsu ɗaya ne. Ko da suka gaya wa mahaifinmu, bai iya korar ta ba, ya ce bayan da ya goye shi ba zai tozarta shi ba, sai dai ya hana ta kai masa abinci. Saboda haka, Malam Sabo, ko da masu shirin sun ƙara wa tsohuwar nan kwanaki a duniya, halin da suka ba ta gaskiya ne, kuma raunin sarkin a gabanta gaskiya ne. Surukarki, Maman Hanifa, ta san abin da take faɗa.

Ummu_Sadiq:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma labarin naki ma hujja ce a gare ni. Ranar da baba ya daina karɓar abinci daga hannunta, fitinar ta mutu. Ashe tun farko maganin yana hannunsa.

Abu_Fatima_Yelwa:
Ina neman afuwa idan zan ɗan kauce, amma akwai abin da ban ga an taɓo ba. Shirin nan yana nuna wurin bauta na Hindu a cikin gidan sarki musulmi, yana kuma nuna cewa duk wani kirki da sarkin ya koya daga wajen amaryar ya koye shi, kafin zuwanta kamar ba shi da zuciya. Yaranmu suna zaune suna kallo tare da mu, kuma ba su da ma'aunin da za su raba ƙirƙira da tarihi. Ina ganin wannan ya fi batun kishi muhimmanci.

Dalibar_Gwallameji:
Baba Abu Fatima, damuwarka tana kan hanya, kuma ni ma na lura da wannan salon na mayar da mace ɗaya sanadin duk wani sauyi. Gaskiya ne Akbar ya bar matansa 'yan Rajput, wato dangin sarakuna da mayaƙan Hindu irin na amaryar, a kan addininsu, kuma gaskiya ne ya soke harajin da ake karɓa a hannun masu ziyarar wuraren bautar Hindu a 1563, ya soke jiziya a 1564. Amma sarkin da mafi yawan talakawansa ba musulmi ba ne, wanda kuma yake neman mayaƙan da za su rage masa dogaro da manyan hakiman da ya gada daga mahaifinsa, yana da dalilai na mulki da suka wuce shawarar ɗaki. Su kansu mutanen Indiya sun yi jayayya a kan shirin, har wasu 'yan Rajput suka yi zanga-zanga a kansa, kuma littattafan zamanin ba su kira matar da sunan Jodha ba, laƙabin Maryam Zamani ne aka san ta da shi. Abin da nake yi a gidanmu shi ne in zauna da ƙannena idan suna kallo, in gaya musu inda aka ƙara gishiri.

Dan_Gerawa:
Ni tambayata ita ce me ya sa muke zama muna raba dare a kan gidan sarautar Agra alhali namu tarihin yana nan ba a taɓa shi ba. Idan yarda tsakanin miji da mata a gidan mulki ake nema, ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, waɗanda dukansu marubuta ne kuma dukansu suka yi wa daula hidima. Idan kuma gasar 'yan uba ake nema, ga basasar Kano da ta tashi a 1893 bayan an naɗa Tukur, inda Yusufawa suka ƙi, har sarauta ta koma hannun Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Sakkwato ce. A nan Bauchi ma, labarin Malam Yakubu, wanda ba Bafulatani ba ne amma Shehu ya amince masa ya ba shi tuta, labari ne na yarda da ya isa a yi masa shiri mai dogon zango.

Baban_Yara_Azare:
Ɗan Gerawa, maganarka gaskiya ce, sai dai akwai dalilin da ya sa ba a yi. Jikokin waɗannan gidaje suna raye, suna kan karagarsu, kuma ba wanda zai yarda a sa wata ta fito a matsayin kakarsa tana ƙulla wa kishiya sharri. Shirin da ba shi da mugu kuma ba ya riƙe mai kallo. Mu koma kan tambayar Maman Hanifa, domin har yanzu ba a amsa mini abin da na ce game da tasowar sarkin ba.

Malam_Sabo_Jahun:
Zan amsa maka, Alhaji, amma ta wata fuska. Idan ana son a san ko Akbar ya yarda da gidan surukansa, ba a cikin ɗakin kwana za a nema ba, domin ba wanda ya rubuta abin da ya gudana a can. A dubi muƙaman da ya ba su. Lokacin da ya fita yaƙin Gujarat a 1572, surukinsa Bharmal ya bar wa tsaron Agra, inda matan gidan sarauta suke. Ɗan'uwan amaryar, Bhagwant Das, ya zama ɗaya daga cikin manyan hakimansa. Man Singh, jikan Bharmal, shi ne ya jagoranci rundunar sarki a yaƙin Haldighati a 1576 a kan Rana Pratap, wanda shi ma ɗan Rajput ne, daga baya ya riƙe Kabul, ya riƙe Bihar da Bengal. Mutumin da tasowarsa ta hana shi yarda da kowa ba zai miƙa wa surukai babban birninsa da iyakokin ƙasarsa ba. Don haka uzurin da kake ba shi ya dace da Jalal na cikin shiri, amma Akbar na tarihi bai buƙace shi ba a wannan fannin.

Ita kuma matar, ita ce ta haifi Salim a 1569, wanda ya gaje shi da sunan Jahangir, kuma ta rayu har 1623. Tana da dukiyarta da kasuwancinta, har da babban jirgin ruwa mai suna Rahimi da yake jigilar kaya da alhazai, wanda Turawan Fotugal suka ƙwace a 1613, abin da ya jawo musu fushin ɗanta.

Auwal_Kofar_Ran:
Malam, na taɓa jin cewa Rukayya ce ta riƙe Salim tun yana jariri saboda ba ta haihu ba. Idan haka ne, ai kishin nasu bai kai yadda ake nunawa ba.

Dalibar_Gwallameji:
Yaya Auwal, wanda aka ba Rukayya riƙo ba Salim ba ne, ɗansa ne Khurram, wanda aka haifa a 1592, shi ne ya zama Shah Jahan mai ginin Taj Mahal. Jahangir da kansa ya ambaci irin son da ta yi wa yaron a cikin tarihin rayuwarsa. Amma ma'anar maganarka tana nan, domin jikan kishiyarta ne aka ɗora mata a cinya, ta kuma rene shi har ya girma. Akwai ma ta uku da ba mu ambata ba, Salima Sultan, matar marigayi Bairam Khan da Akbar ya aura. Lokacin da Salim ya yi wa mahaifinsa tawaye ya kafa fadarsa a Allahabad, har ya sa aka kashe Abul Fazl a 1602, Salima ce ta yi tafiya zuwa can a 1603 ta dawo da shi, kakarsa Hamida Banu kuma ta shiga tsakani aka yi sulhu. Ba Salima ce ta haife shi ba, ɗan kishiyarta ne.

Yar_Katagum:
Na ji daɗin wannan bayani domin ya wanke Rukayya, amma ina da ja a kan yadda Malam Sabo yake dogara da marubutan fada. Maza ne suka rubuta, a ƙarƙashin sarkin da yake ciyar da su, kuma a al'adar da ambaton sunan matar sarki ma abin kunya ne. Idan uwargida ta kwana tana kuka ranar da aka yi bushara da haihuwar Salim, wa zai rubuta? Rashin ambaton kishi a littafi ba ya nufin ba a yi shi ba. Mace tana iya riƙe jikan kishiyarta da zuciya ɗaya, kuma a lokaci guda tana jin zafin cewa ba nata ba ne. Abin da na ƙi a shirin shi ne mayar da wannan zafin ya zama makirci, ba nuna shi ba.

Malam_Sabo_Jahun:
Wannan gyara ne mai kyau, ƙanwata, kuma na karɓa a kan abin da ya shafi zuciya. Sai dai akwai mace guda da ta rubuta daga cikin gidan, Gulbadan, goggon Akbar, wadda ya roƙa ta rubuta abin da ta tuna na zamanin mahaifinta Babur da ɗan'uwanta Humayun. A wurinta ana ganin mata suna ƙorafi idan sarki ya fifita ziyarar wani ɗaki a kan wani, ana kuma ganin su suna shiga tsakanin 'yan'uwa maza masu faɗa. Kishin yana nan, amma mafi yawan jinin da aka zubar a gidan nan maza ne suka zubar da shi a kan gadon mulki. Auren siyasar ma bai tsira daga wannan ba, domin Salim ya auri 'yar Bhagwant Das a 1585, ta haifi Khusrau, kuma da Akbar ya kwanta ciwon ajali a 1605 Man Singh yana cikin masu son a tsallake Salim a naɗa Khusrau, ɗan 'yar'uwarsa.

Ummu_Sadiq:
Duk wannan tarihin na amfana da shi, amma Maman Hanifa a kan abin da muka kalla ta yi tambaya, kuma a cikin abin da muka kalla har yanzu ban ga wanda ya tilasta wa sarki ya ƙi tambayar matarsa ba. Ita ma amaryar tana da nata kason, domin ta zaɓi ta riƙe alƙawarin da ta yi wa ɗan'uwanta ta bar mijinta cikin duhu, alhali ta san irin gidan da take ciki.

Baban_Yara_Azare:
To ga shi kin kawo ta huɗu a cikin masu laifi, Ummu Sadiq, kuma a nan zan bambanta da ke. Yarinyar da aka kawo garin da ba ta da kowa, ɗan'uwan da take karewa kuma mutum ne da fada take nema, idan ta faɗi sunansa ta miƙa shi ga takobi ne. Ban ga yadda za a ce ta yarda da mijin da bai taɓa nuna mata cewa sirrinta zai tsira a hannunsa ba. Hajiya ta Fadaman Mada, ke da kika ga irin wannan a gida, da amaryar 'yarki ce, me za ki ce ta yi a daren nan?